Rigimar Marlene Dietrich da gidan ubanta

Ranar 3 ga Mayun 1960, a ƙofar gidan wasa na Titania-Palast da ke Berlin ta Yamma, wasu mutane sun yi cirko-cirko ɗauke da kwalaye. Saƙon da ke jiki gajere ne, kuma da Ingilishi aka rubuta shi don ya fi zafi: Marlene, koma gida. Matar da ake kora kuwa, jarumar fim kuma mawaƙiya Marlene Dietrich, a unguwar Schöneberg ta Berlin aka yanke mata cibiya, 'yan kilomita kaɗan daga wurin, kabarin mahaifiyarta ma ya fi haka kusa. A cikin zauren, magajin gari Willy Brandt na cikin waɗanda suka miƙe tsaye suna tafa mata. Da ta isa Düsseldorf, wata budurwa ta tofa mata yawu a fuska.

Shekara goma sha biyar ke nan da gama yaƙin da tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Jaruman da suka yi wa gwamnatinsa wasa da waƙa sun daɗe da komawa bakin sana'arsu, ana cika musu silima. Ita da ta ƙi, ita aka tara da tofin Allah tsine. Ruwa ba ya tsami banza, kuma kafin a gane tsamin wannan ruwan sai an koma gidan da ta fito.

Sunanta na yanka Marie Magdalene Dietrich, an haife ta ranar 27 ga Disambar 1901. Tun tana yarinya ta gutsiri kan sunan farko da wutsiyar na biyu ta haɗa, ta fitar da Marlene. Mahaifinta hafsan 'yan sanda ne, ya rasu ba ta kai shekara bakwai ba. Mahaifiyarta Josefine 'yar gidan Felsing ce, masu kantin agogo da kayan ado a babban titin Unter den Linden. Ta sake aure da wani hafsan soja, Eduard von Losch, shi ma raunin da ya samu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi ajalinsa. Gida ne na mata uku, uwa da Marlene da yayarta Elisabeth, ana tafiyar da shi kamar bariki, a kan tarbiyyar Prussia, tsohuwar masarautar Jamus da ta yi suna da tsarin soja: a tashi kan lokaci, a gama aiki kafin a nemi hutu, kada a yi kuka a gaban mutane. Mai karatu ya riƙe wannan, domin matar da duniya ta sani da sigari da hular maza da jerin masoya, a ƙarƙashin duk wannan ado 'yar barikin nan ce har ta mutu.

Goge irin na Turawa ta fara koya da nufin ya zama sana'a, har an tura ta Weimar karatu, sai ciwon wuyan hannu ya taka mata birki. Ta ɗan yi kiɗa a gidan silima, a zamanin da fim ba ya magana sai makaɗa su zauna a ƙasan allo suna raka shi. Ta nemi shiga makarantar wasan kwaikwayo ta Max Reinhardt, babban ubangidan wasan daɓe na Jamus a lokacin, ba ta ci jarrabawar ba. Duk da haka ta liƙe a gidajen wasansa tana karɓar ƙananan matsayi, yau 'yar aiki mai layi biyu, gobe 'yar amshi. A 1923, shekarar da kuɗin Jamus ya lalace har burodi ɗaya ya kai biliyoyin mak, ta auri Rudolf Sieber, mataimakin darakta. Suka haifi 'ya ɗaya, Maria, a Disambar 1924. Auren nan abin mamaki ne: kowa ya kama gabansa bayan 'yan shekaru, amma ba a taɓa warware shi ba har Sieber ya mutu a 1976, yana kiwon kaji a California.

Shekara bakwai ta yi tana wannan faɗi-tashi a dandamalin Berlin da Vienna, ta kuma fito a finafinai marasa magana fiye da goma. Daga baya sai ta riƙa musun su, tana nuna kamar daga makaranta aka tsinto ta. Ta saba gyara tarihinta kamar yadda take gyara gira, kuma za mu sake cin karo da wannan hali a wurin da ya fi nauyi.

A 1929 tana cikin wani wasan daɓe mai waƙe-waƙe, Zwei Krawatten, sai darakta Josef von Sternberg ya zo kallo. Bayahude ne haifaffen Vienna da ya girma a Amurka, kamfanin fim na Jamus, UFA, ya ɗauko shi daga Hollywood ya yi masa ɗaya daga cikin manyan finafinansa na farko masu magana. An gina fim ɗin, Der blaue Engel, a kan littafin Heinrich Mann, kuma don Emil Jannings aka shirya shi, mutumin da ya fara karɓar kyautar Oscar ta gwarzon jarumi. Jannings ya baro Amurka ne saboda zuwan sauti ya tona asirin Turancinsa. Labarin na wani dattijon malamin makaranta ne mai tsanani, wanda ya bi ɗalibansa gidan rawa don ya kama su, sai shi ya kamu. Ya auri mawaƙiyar gidan, Lola Lola, ya rasa aiki da mutunci, ya ƙare yana cara kamar zakara a gaban mutanen garinsu. An ɗauki kowace fitowa sau biyu a sutudiyon Babelsberg, da Jamusanci da Ingilishi, don a lokacin ba a ƙware da ɗora murya a kan fim ba.

Jannings ya yi kuka, ya yi gumi, ya murɗe fuska irin ta fim marar magana. Ita kuwa ta hau kan ganga ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta rera waƙar Friedrich Hollaender da murya mai kauri kamar abin bai dame ta ba. Sabuwar na'urar sauti ta fi son irin nata. Abin dariya, shugabannin UFA ba su ga abin da ke hannunsu ba, suka bar kwantiraginta ya wuce, Paramount ta Hollywood ta cafke. Daren 1 ga Afrilun 1930 aka fara nuna fim ɗin a Gloria-Palast. Ta fito ta karɓi tafi, daga nan ta wuce tashar jirgin ƙasa, ta kama jirgin ruwa mai suna Bremen zuwa New York.

A nan ne ake yawan kuskure. Marlene ba 'yar gudun hijira ba ce. Ta bar Jamus kusan shekara uku kafin Hitila ya zama shugaban gwamnati a Janairun 1933, kuma neman kuɗi da suna ya fitar da ita. Ba Bayahudiya ba ce, ba 'yar kwaminisanci ba ce, babu wanda ya kore ta. Wannan shi ya sa abin da ta yi daga baya ya yi nauyi, shi ya sa kuma ya yi wa mutanenta ciwo.

Paramount na neman wadda za ta kara da Greta Garbo ta kamfanin MGM. Sternberg ya sake yin finafinai shida da ita a Amurka, ya ƙera fuskar da aka sani. Dabararsa ita ce kafa babbar fitila a sama, daidai gaban fuska, yadda ƙasusuwan kumatu za su fito, ramin da ke ƙarƙashinsu ya yi duhu, wata 'yar inuwa ta kwanta a ƙasan hanci. Ta rage jiki, ta tsige gira ta zana siririya. Ba ta tsaya a matsayin yumɓu a hannun magini ba. Ta koyi aikin fitila har ta riƙa ajiye dogon madubi kusa da kyamara tana duba kanta, tana gaya wa masu fitila inda za su matsa. A Morocco na 1930 ta fito da kwat ɗin maza da doguwar hula, kuma wannan ne kaɗai fim ɗin da ya kai ta takarar Oscar. Shanghai Express na 1932 ya kawo kuɗi sosai. Daga nan Sternberg ya nutse cikin ƙawa, labari ya koma bayan fage, 'yan kallo suka gaji. Bayan The Devil Is a Woman a 1935 suka rabu. A Mayun 1938 ƙungiyar masu gidajen silima ta sayi shafi a jarida ta jera sunayen jaruman da ta ce guba ne ga kasuwa, har da ita da Garbo da Katharine Hepburn da Joan Crawford. Shekara biyu cur ba ta yi fim ba.

Yanzu a waiwayi waɗanda ta bari a Babelsberg, domin makomar ma'aikatan fim ɗaya tak ta isa ta nuna abin da ya faru da ƙasar. A ƙarshen Maris na 1933 UFA ta sallami Yahudawan ma'aikatanta. Furodusa Erich Pommer ya fice. Hollaender ya gudu. Heinrich Mann ya tsallaka Faransa, aka ƙona littattafansa a fili. Kurt Gerron, wanda ya fito a matsayin mai dabo kuma shugaban 'yan wasan, ya gudu Holand, aka kamo shi, aka tilasta masa shirya fim ɗin ƙarya da ke nuna sansanin tsare Yahudawa na Theresienstadt kamar wurin hutu, da ya gama aka tura shi sansanin kisa na Auschwitz aka kashe shi a Oktoban 1944. Jannings ya zauna, ya zama ɗan gaban goshin ministan farfaganda Joseph Goebbels. Hans Albers, wanda ya fito a matsayin ƙaton saurayin Lola, shi ma ya zauna ya zama babban tauraro, ko da yake bai ɓoye raininsa ga 'yan Nazi ba, kuma masoyiyarsa Bayahudiya sai da ta tsere Ingila. Der blaue Engel kansa an hana nuna shi.

Tsarin da Goebbels ya kafa mai sauƙin fahimta ne. Duk mai son aikin fim dole ya zama mamba a hukumar fim ta gwamnati, kuma ba a ba Bayahude ko ɗan adawa kati. Ba kati, ba aiki. Sai dai korar ta bar masa giɓi, don gwanayen da ke sa a sayi fim ɗin Jamus a waje sun watse. Yana bukatar tauraruwa da duniya ta sani, Bajamushiya, farar fata mai farin gashi, 'yar gidan hafsoshi. Ba wadda ta cika wannan siffa kamar Marlene. Wajejen 1936 zuwa 1937 aka aika mata da tayi: kuɗi mai tsoka, ta zaɓi labarin da take so da abokan aikin da take so. Kamar yadda ita ta riƙa bayar da labarin, amsarta ita ce za ta zo in Sternberg ne zai ba da umarni, alhali ta san sarai Bayahude ne. A Maris na 1937 ta nemi takardar zama 'yar Amurka, ta samu a Yunin 1939. Jaridar 'yan Nazi, Der Stürmer, ta yi mata zagin ƙare dangi, ta ce zama cikin Yahudawan Hollywood ya fitar da ita daga Jamusanci. UFA kuwa ta ɗauko Zarah Leander daga Sweden, mai murya mai kauri ita ma, ta cike gurbin.

A duba lokacin da ta rufe wannan ƙofa. Kasuwarta a Amurka na faɗuwa, Paramount ta rabu da ita, ga kuma kashe kuɗi kamar ba gobe, ciki har da abin da take zubawa wajen fito da 'yan gudun hijira da ciyar da su. Ƙin tayi a lokacin da kake ƙoshi ba abin a zo a gani ba ne. Ita ta ƙi ne tana kallon tukunyarta tana hucewa. Sai a ƙarshen 1939 wani fim ɗin kaboyi, Destry Rides Again, inda ta yi dambe a mashaya aka sheƙa mata bokitin ruwa, ya dawo da ita.

Akwai kuma farashin da ba na kuɗi ba. Uwarta da yayarta suna Jamus. Gwamnatin nan ba ta wasa da dangin waɗanda suka juya mata baya. Marubuci Erich Maria Remarque, wanda ya kasance masoyin Marlene a waɗannan shekaru, an fille kan ƙanwarsa Elfriede Scholz a Berlin a Disambar 1943 bisa zargin karya gwiwar sojoji da baki. Jarumi Joachim Gottschalk, da aka matsa masa ya saki matarsa Bayahudiya ya ƙi, ya mutu tare da ita da ɗansu a gidansu a Nuwambar 1941, kafin a zo ɗaukar matar da yaron. Duk wanda zai yanke hukunci a kan jaruman da suka zauna suka yi shiru, ya sa wannan a ma'auni.

Da Amurka ta shiga yaƙi, Marlene ta fara da yawon sayar da takardun bashin da gwamnati ke tara kuɗin yaƙi da su. A 1944 ta sa kaki. Ta bi ayarin masu nishaɗantar da sojoji zuwa Aljeriya da Italiya, daga baya Faransa da Beljiyam, har ta shiga ƙasar Jamus a bayan tankokin Amurka. Jarumai da yawa sun je sun ɗauki hoto sun dawo. Ita ta yi watanni tana kwana a tanti da rusassun gidaje, ta yi kwarkwata, ta kwanta ciwon namoniya a Italiya, sanyin hunturun 1944 ya ci mata hannuwa. Dandamalinta bayan babbar mota ne, tana waƙa, tana goga zarto da sandar goge yana fitar da wani sauti mai kama da kuka. Hukumar leƙen asirin Amurka ta lokacin, OSS, ta sa ta rera waƙoƙi da Jamusanci ana watsa wa sojojin Jamus ta rediyo don a tuna musu gida, guiwarsu ta yi sanyi. Cikinsu har da Lili Marleen, waƙar da Lale Andersen ta fara rerawa a 1939, wadda gidan rediyon sojan Jamus a Belgrade ya yaɗa har sojojin ɓangarorin biyu suka haddace. Da ta faɗa hannu, hukuncin maci amana za a yi mata, kuma ta sani. A 1947 Amurka ta ba ta lambar Medal of Freedom, daga baya Faransa ma ta ba ta tata.

In an tambaye ta dalili, da kalmar Jamusanci ɗaya take amsawa: Anstand. Mafi kusa da ita a Hausa shi ne sanin ya kamata, irin wanda uwa ke koya wa 'ya, wato akwai abin da ɗiyar mutunci ba ta yi ko da kowa na yi. Ba ta da wata aƙidar siyasa mai zurfi, ba ta kuma yi da'awar tana da ita ba. Tarbiyyar gidan hafsan Prussia, wadda ta sa miliyoyin Jamusawa suka yi biyayya ba tambaya, ita ce ta ɗauko ta kafa hujja da ita ta ƙi.

Sai dai labarin bai fita tsaf ba. A Mayun 1945 ta ji cewa yayarta na Belsen, sunan da duniya ta sani tun da sojojin Ingila suka shiga sansanin gwale-gwalen wurin ranar 15 ga Afrilu suka tarar da gawarwaki jibge. Ta garzaya da zaton Elisabeth fursuna ce. Abin da ta tarar daban. Elisabeth da mijinta Georg Will suna gudanar da silima da kantin cin abinci ne a barikin sojan Jamus da ke maƙwabtaka da sansanin, suna nuna wa sojoji fim, har da masu gadin wurin. Ƙanwa na nishaɗantar da wannan runduna, yaya na nishaɗantar da waccan. Marlene ta taimaka musu, ta ci gaba da aika wa yayar taimako a ɓoye, amma a bainar jama'a ta goge ta daga tarihinta, tana cewa ita kaɗai aka haifa. Mahaifiyar kuwa ta tsira daga ruwan bama-bamai, sun ga juna a filin jirgin Tempelhof na Berlin a Satumbar 1945, ta rasu a Nuwamba.

Abin da Hollywood ta yi da ita bayan yaƙi akwai zolaya a ciki. Billy Wilder, wanda 'yan Nazi suka kashe masa uwa, ya sa ta fito a matsayin tsohuwar daduron wani babban ɗan Nazi da ke waƙa a kangon Berlin, a A Foreign Affair na 1948. A Judgment at Nuremberg na 1961 ta fito a matsayin matar wani janar da aka rataye, mai rantsuwa cewa Jamusawa ba su san abin da ake yi ba. Ta tsani waɗannan kalmomi, ta kuma faɗe su yadda za a yarda, don ta san irin matan tun a falon uwarta. Tsakanin nan fim ya ja baya, ta koma inda ta faro, wato dandamali. A Disambar 1953 otal ɗin Sahara da ke Las Vegas ya biya ta dala 30,000 a mako, ta fito da wata riga da ake wa kallon tsiraici alhali a rufe take ruf. Daga baya matashin makaɗi Burt Bacharach ya tsara mata kiɗa yadda ƙaramar muryarta za ta cika zaure. Da shi ta je Jamus a 1960.

To me ya harzuƙa mutane haka? Hujjarsu ta fili ba wasa ba ce. Matar da aka kashe wa ɗa a fagen daga, ko wadda ta tono 'ya'yanta daga ɓaraguzai a Hamburg ko Dresden, tana ganin hoton Bajamushiya da kakin Amurka tana dariya da waɗanda suka yi ɓarnar. A wurinta, ƙin Hitila abu ɗaya ne, sa rigar abokin gaba wani abu ne. Sun ce da ta zauna a California ta yi shiru da ba wanda zai ce uffan. Akwai kuma haushin cewa ta zo da rigar gashin tsuntsu da tikiti mai tsada, ba ta sha yunwar 1946 da su ba.

Amma hujjar ba ta bayyana komai ba, in aka duba su wa aka yafe wa. Zarah Leander, wadda ta rera wa mutane waƙoƙin ƙarfafa gwiwa lokacin da yaƙi ke cin su, ta dawo finafinan Jamus a 1950 aka karɓe ta hannu bibbiyu. Veit Harlan, daraktan Jud Süß, fim ɗin da aka riƙa nuna wa dakarun SS na jam'iyyar Nazi don cusa ƙin Yahudawa, kotun Hamburg ta wanke shi har sau biyu, a 1949 da 1950, ya koma aiki. Hans Globke, wanda ya taya rubuta sharhin dokokin wariyar launin fata na Nuremberg, shi ke riƙe da ofishin shugaban gwamnati Konrad Adenauer a ranar da ake ɗaga wa Marlene kwalaye. Hans Albers ya mutu a Yulin wannan shekara, dubban mutane suka raka shi a Hamburg. Al'ummar da ta iya haɗiye duk wannan, ƙaramar riga ta kaki ce ta tsaya mata a wuya.

A ganina dalilin shi ne, Jamus ta Yamma ta gina kwanciyar hankalinta a kan magana ɗaya: ba mu da zaɓi, kuma ba mu sani ba. Bayahuden da ya gudu bai rusa wannan magana ba, don dole aka yi masa. Ɗan kwaminisanci ma ana iya cewa dama can na Rasha ne. Amma ga 'yar hafsa, 'yar Berlin, wadda aka shimfiɗa wa darduma aka ce ta zo ta ci arziki, ta duba tun 1937 ta ce wannan ƙazanta ce. In ita ta gani daga nesa, yaya na kusa bai gani ba? Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, kuma kwalayen ƙofar Titania-Palast naɗin tabarmar ne. Ba mamaki da Brandt ne ya miƙe mata, domin ciwonsu ɗaya. Shi ma ya yi hijira zuwa Norway a 1933, ya dawo da kakin Norway, kuma a zaɓen 1961 abokan hamayya suka riƙa tambayar abin da ya yi a waje shekara goma sha biyu, suna kiransa da sunansa na haihuwa, Frahm, don su nuna shi baƙo ne. Ita kuma ga ƙarin laifin zama mace, don namiji mai kaki ana iya ce masa soja, mace kuwa wasu sunaye ake laƙaba mata, kuma wasiƙun da jaridu suka buga a lokacin ba su rage komai ba.

Kada a ɗauka duk ƙasar ce ta ƙi ta. A Munich an yi ta kiranta tana dawowa dandamali har aka gaji da ƙirge. Amma kujeru sun yi saura a wasu garuruwa, an yi barazanar bam, yawon ya ƙare da asara. Makonni kaɗan bayan haka ta sauka Isra'ila, inda a zamanin ba a rera waƙar Jamusanci a dandamali, a daidai lokacin da aka kamo Adolf Eichmann, ɗaya daga cikin jagororin kisan Yahudawa. Ta tambayi 'yan kallo ko ta rera, suka ce ta rera. Da yawansu 'yan Berlin da Vienna ne da suka tsira, harshen uwarsu ne, suka zauna suna kuka.

Ta ci gaba da zagaya duniya har shekara goma sha biyar, Warsaw, Mosko, Broadway a New York, ana ɗaure mata jiki da fata kafin kowace fitowa, ƙafafun da suka yi suna kuma jini ya daina gudu a cikinsu yadda ya kamata. Ranar 29 ga Satumbar 1975 ta faɗi a dandamali a Sydney ta karya cinya. Wasan daɓe ya ƙare ke nan. Bayan wata gajeriyar fitowa a fim a 1978, ta shige gidanta mai lamba 12 a titin Montaigne a Paris, ta rufe ƙofa, ta yi fiye da shekara goma galibi a kan gado, wayar tarho ce tagarta. Da Maximilian Schell ya zo yin fim a kan rayuwarta, wanda ya fito a 1984, ta yarda a ɗauki muryarta amma ta hana a ɗauki fuskarta. Fuskar aikin hannunta ce na shekara hamsin, ba ta yarda tsufa ya sa mata hannu a gaban jama'a ba.

Ta rasu ranar 6 ga Mayun 1992 tana da shekara 90. Katangar Berlin ta faɗi, ƙasar ta haɗe, ta bar wasiyyar a kai ta kusa da mahaifiyarta. Aka yi mata addu'a a cocin Madeleine a Paris, akwatin lulluɓe da tutar Faransa, ya hau jirgi da tutar Amurka, ranar 16 ga Mayu aka binne ta a ƙaramar maƙabartar Friedenau a Berlin. 'Yan unguwa sun jefo furanni daga tagogi, wasu kuma sun aika wa jaridu wasiƙun maci amana kamar 1960 ba ta wuce ba. Bikin karramawar da gwamnatin birnin ta shirya, an soke shi a ƙurarren lokaci.

A 1993 Berlin ta biya dala miliyan biyar ta sayi kayanta, riguna da wasiƙu da hotuna da kakin nan kansa, domin 'yar bariki ba ta yar da ko takardar otal ba. Amma da aka zo sa sunanta a wani titi a Schöneberg, sai gardama ta kaure a majalisar unguwar har maganar ta mutu. A 1997 aka samo mafita: aka sa sunanta a wani sabon fili da aka gina a Potsdamer Platz, wurin da a da katanga ta ratsa, inda babu tsofaffin mazauna da za su yi ƙorafin an canja musu adireshi. A nan aka riƙa shimfiɗa jan kafet na bikin finafinan Berlin. Takardar zama 'yar birni ta girmamawa kuwa sai ranar 16 ga Mayun 2002 aka bayar, shekara goma cif da binne ta. A shekarar ce kuma majalisar dokokin Jamus ta soke hukuncin da kotunan Hitila suka yanke wa sojojin da suka gudu daga rundunarsa. Waɗanda aka yanke wa hukunci da sunan cin amanar yaƙi, su sai da suka jira har 2009.